Tambaya da Amsa: Ranar da komai ya tsaya cak, ya kasuwancinka zai yi?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonninku na wannan karon kusan duk abu ɗaya suke zagayawa, wato in wata masifa ta faɗo, gobara ce, kutse ne, mai kawo kaya ne ya ɓace, netwok ne ya ɗauke, ya mutum zai yi kasuwancinsa ya ci gaba da numfashi. Na zaɓi shida, wasu na rage musu tsawo saboda fili, a yi haƙuri. Misalan da zan kawo yawancinsu na manyan kamfanoni ne don su ne ake bin diddigin asararsu a rubuta, amma dai in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka san abin yi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan kamfanin raba kaya, komai namu a kwamfuta yake, sunayen kwastomomi, waɗanda muke bi bashi, rasit, duka. Yaron da ke kula mana da kwamfutocin ya ce kar in damu kullum yana yin bakup, wato yana ajiye kwafin bayanan. Ni dai hankalina bai kwanta ba amma ban ma san me zan tambaye shi ba don ban iya harkar ba.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Ba wai ina cewa yaron ƙarya yake ba, ta yiwu kullum ɗin yake yi tsakaninsa da Allah, amma "ai muna yin bakup" magana ce da kusan duk kamfanin da ya tafka asarar bayanai ya taɓa faɗa da bakinsa. Tambaya biyu kawai za ka yi masa, kuma ba sai ka iya kwamfuta ba. Ta farko, a ina kwafin yake ajiye. Ta biyu, yaushe rabon da ya ɗauko kwafin nan ya zuba shi a wata kwamfuta daban ya ga ya buɗe da idonsa. In ya fara sosa ƙeya a ta biyun to ka gano inda aikin yake.

Bari in ba ka labarin Maersk, kamfanin nan na Denmak wanda a lokacin babu kamarsa a jigilar kwantena a duniya. Ranar 27 ga Yunin 2017 wata muguwar manhaja da aka sa wa suna NotPetya ta ɓalle daga Yukren, ta biyo ta cikin wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc da 'yan kasuwar ƙasar suke amfani da ita sosai. Maersk yana da ofis a can, ta nan ta shige, kafin ka ce kwabo kwamfutoci sun fara mutuwa ofis bayan ofis ƙasa bayan ƙasa, a tashoshin jiragen ruwa ƙofar shiga ta ƙi aiki, tireloli sun yi layi a waje, jiragen suna kan teku lafiya lau amma ba wanda zai iya gaya maka me ke cikin wace kwantena ko ina za ta, ma'aikata suka koma karɓar oda ta WhatsApp da imel ɗinsu na kansu.

To ga inda abin yake. Suna da bakup na abubuwa da yawa. Amma akwai wasu sabobi na musamman (saba ita ce babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita) da ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci da izinin abin da zai iya buɗewa, in babu su sauran duk ba za su tashi ba. Waɗannan suna da su birjik a ƙasashe daban-daban kuma kowacce tana kwafar 'yar'uwarta, sai aka ɗauka ai shikenan, in ɗaya ta mutu ga saura. Ba wanda ya kawo a ransa cewa tunda duk a haɗe suke to duk tare za su tafi, kuma haka aka yi. Guda ɗaya tal ta tsira, a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma, ita ma don wuta ta ɗauke a can lokacin da cutar ke yawo, sabar tana kashe. Da wannan kwafin aka sake gina kamfanin. Shugaban hukumar gudanarwarsu na lokacin Jim Hagemann Snabe ya faɗa a taron tattalin arzikin duniya na Davos a Janairun 2018 cewa sabobi 4,000 da kwamfutoci 45,000 da manhajoji 2,500 suka sake ɗorawa cikin kwana 10, asarar kuma tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Ka ji fa, ɗaukewar wuta ce ta ceci kamfani irin wannan, ba dabarar kowa ba.

Kada kuma ya ce maka "ai a intanet nake ajiyewa" ka saki jiki. Intanet ɗin nan gini ne a wani gari da kwamfutoci a ciki. A Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar ajiye bayanai ta kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, gini ɗaya ya ƙone ƙurmus, na kusa da shi ma ya taɓu, kuma wasu kwastomomin da suke biyan kuɗin bakup sai a ranar suka gano ashe kwafin nasu a harabar guda yake da na asalin.

Tambaya ta biyun kuwa GitLab, wani kamfani da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wajensa, su ne suka koya wa duniya ita. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyansu cikin dare, ga gajiya, ya goge rumbun bayanai na gaske yana zaton na gefe ne. Aka ce ba komai a ɗauko bakup. Hanyoyi biyar suke da su na yin kwafi, da aka duba ba wadda ta yi musu rana yadda ake zato, wata ma ta daɗe da daina aiki shiru ba wanda ya lura. Abin da ya fisshe su wani kwafi ne da aka yi da hannu kamar awa shida kafin nan, aikin awa shidan nan kuma ya tafi kenan. Waɗannan fa mutane ne da sana'arsu kenan.

Don haka ka zaunar da shi ku yi tsarin da masu harkar ke kira 3-2-1, kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri nesa da ofis, ni kuma zan ƙara cewa ɗayan ya zama a cire yake, ba ya jone da komai sai lokacin da za a zuba masa sabo. Sannan ku amsa abu biyu da kai kaɗai ka san amsarsu ba shi ba: awa nawa za ka iya jurewa babu kwamfuta kafin kwastoma su fara tafiya, kuma aikin kwana nawa za ka iya asara ka sake shigarwa da hannu. In amsar ita ce yini ɗaya to bakup na mako-mako bai ishe ka ba.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Muna haɗa sabulu da man shafawa, robobin da muke zubawa a ciki wajen mutum ɗaya nake saye shekara da shekaru, yana min ragi yana ba ni bashi, bai taɓa saɓa min ba. Abokiyar kasuwancina ta dage sai mun nemo na biyu, ni kuma ina ganin kamar cin amana ne kuma zan rasa ragin. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?

AMSA: Hajiya kowa a cikinku ya riƙe rabin gaskiya, kuma zan ba ki labari biyu da suka ci karo da juna ki gani.

Ranar 17 ga Maris 2000 tsawa ta jawo gobara a masana'antar Philips da ke Albuquerque a jihar New Mexico ta Amurka, inda ake yin wasu ƙananan cip na wayar hannu. Wutar ba ta wuce kamar minti goma ba aka kashe, amma ɗakin da ake yin cip ko ƙura ba a so ta shiga, balle hayaƙi da ruwa. Manyan masu saye biyu ne, Nokia da Ericsson, kuma duk an gaya musu magana ɗaya, jinkirin kamar mako ɗaya ne. Nokia ba su zauna a kan maganar ba, suka sa ido kullum suna buga waya, da suka gane abin zai ja sai suka kai maganar har sama, suka matsa wa Philips ya buɗe musu layi a wasu masana'antunsa, suka canza zanen wasu cip ɗin yadda wasu kamfanoni za su iya yi musu. Ericsson kuwa labarin ya daɗe a ƙasa bai hau wajen manya ba, kuma dama sun riga sun rage masu kawo musu kaya don rage kuɗi, lokacin da suka farga Nokia ta kwashe duk wani gurbi da ya rage a kasuwa. An ƙiyasta sun rasa cinikin kusan dala miliyan 400, a 2001 kuma suka haɗe sashen wayoyinsu da Sony. Ba gobarar kaɗai ta jawo haɗewar ba, suna da wasu matsalolin, amma ta taimaka. Abin da mutane ke tsallakewa a labarin nan shi ne ba wai Nokia tana da mai kawo kaya na biyu zaune yana jira ba ne kawai, saurin jin labari da saurin kai shi wajen mai yanke hukunci ne ya raba su.

Na biyu ya fi kusa da ra'ayinki. Ranar 1 ga Fabrairun 1997 gobara ta cinye masana'antar Aisin da ke Kariya a Japan, wadda kusan ita kaɗai ke yi wa Toyota wani ɗan ƙarfe na burki, abu ƙarami da za ki rufe a tafin hannu amma babu motar da za ta fita babu shi. Toyota kuma tsarinsu ba sa tara kaya a sito, sai layukan haɗa mota suka tsaya. Aka zaci za a yi makonni. Sai Aisin ta raba zanen ƙarfen ga duk wanda zai iya, kamfanoni da dama suka ajiye aikinsu suka kama, har Brother masu keken ɗinki sun sa hannu, kafin mako ya zagayo motoci sun fara fita. Mai kawo kaya ɗaya ne fa, amma zumuncin shekaru da amana suka cece su. Don haka amanar da ke tsakaninki da mutumin nan dukiya ce, kada ki wofintar da ita.

Sai dai ita Toyota ɗin ta sake shan wani darasin a girgizar ƙasa da tsunamin 11 ga Maris 2011. Nan ne kamfanonin mota suka gano suna saye a wajen mutane daban-daban amma in ka bi baya, ka bi baya, sai ka tarar duk a ƙofa ɗaya ake ɗaukowa, misali masana'antar Renesas ta Naka mai yin cip na mota wadda sai a Yuni ta fara dawowa aiki. Bayan nan Toyota ta zauna ta zana waye ke saye a wajen wa har can ƙasa, ta kuma sa a riƙa tara cip na watanni biyu zuwa shida, shi ya sa da ƙarancin cip ya zo a 2021 ta fi wasu jurewa, duk da ita ma daga baya ta rage ƙera motoci da kashi 40 a watan Satumba.

To ga shawarata. Ba cin amana ba ne, ki gaya masa a fili. Ki bar masa kaso mafi tsoka, ki ba na biyu ɗan kaɗan akai-akai yadda zai san ki, ya san samfurin robarki, don wanda bai taɓa sayar miki ba ranar da kasuwa ta rikice ba ke zai fara saurara ba. Ki tambayi kowannensu a ina yake samo nasa, in wuri ɗaya ne ko hanya ɗaya kayan ke biyowa to ba ki da biyu, ɗaya kike da shi mai suna biyu. Jirgi ɗaya ne, Ever Given, ya gitta a mashigin Suwez daga 23 zuwa 29 ga Maris 2021 jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko. Kuma ba komai za ki yi wa wannan wahalar ba, sai abin da in babu shi aiki ya tsaya.

TAMBAYA: Malam kullum sai ka ce Toyota, ka ce Maersk. Mu fa masu ƙaramin jari ne, ni a WhatsApp da Instagram nake sayar da kaya, daga ni sai wayata. Wannan maganar ta shafe ni kuwa ko dai ta masu kwat ce?

AMSA: Ƙanena ai kai ta fi shafa, su in sun faɗi akwai banki da lauyoyi a bayansu, kai fa? "Daga ni sai wayata" ɗin nan da ka faɗa ita ce matsalar gaba ɗaya, ofishinka, littafin bashinka, lambobin kwastomominka, bankinka, duk a abu ɗaya da zai iya faɗawa ruwa ko a fizge a hannunka.

Ka tuna 4 ga Oktoban 2021? Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke tare kusan awa shida. Ba masu kutse ba ne, su da kansu suka yi kuskure wajen gyaran na'urorinsu, kuma abin dariyar kayan aikin da za su yi gyaran da su ma a kan tsarin da ya mutun suke, sai da aka tura injiniyoyi cibiyar da ƙafarsu. Wanda ya ce shi yana da hanya biyu, WhatsApp da Instagram, ranar ya gane kamfani ɗaya ne. Mai Telegram, Pavel Durov, ya ce mutum miliyan 70 suka yi rajista da su a wannan rana. Wannan ma awa shida ce ta wuce, wanda ya fi ciwo shi ne a rufe maka shafi ko wani ya ƙwace shi, wanda yake faruwa kullum kuma ba ka da ofishin da za ka je ka yi kuka.

Abin da za ka yi ba ya cin kuɗi. Lambobin kwastomomin da suka fi saye a wajenka ka fitar da su ka rubuta a littafi na takarda, haka waɗanda kake bi da masu binka. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a duk shafukanka, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara da wata lamba kafin a shiga, lambobin gaggawa da suke bayarwa ka rubuta ka ɓoye ba a cikin wayar ba. Ka samu hanya ta biyu ta karɓar kuɗi a wani bankin daban. Ka kuma zaɓi mutum ɗaya da ka yarda da shi wanda ya san inda waɗannan abubuwan suke, don rashin lafiya ba ta sallama.

Sai babbar, kuɗi a hannu. Cibiyar bincike ta bankin JPMorgan Chase ta duba asusun ƙananan kasuwanci kusan 600,000 a Amurka ta fitar da rahoto a 2016, ta ga matsakaicin ɗan kasuwa kuɗin da yake da shi kwana 27 kacal zai riƙe shi in ciniki ya tsaya, masu gidajen abinci ma kwana 16. Bayan shekara huɗu korona ta zo aka rufe wurare watanni. Ka ɗauki biro yau ka haɗa abin da dole ka biya a wata ko ka sayar ko ba ka sayar ba, ka raba da 30, ka duba abin da ke hannunka kwana nawa zai kai ka. Yawancin mutane ba sa son yin lissafin nan don sun san amsar ba za ta yi daɗi ba. In kwana goma ne to burinka na bana ya zama ashirin, a wani asusu daban da ba ka taɓawa don sarin kaya komai arhar da ka gani.

TAMBAYA: Malam na yi inshorar wurin sana'ata da kayan ciki. Ina ganin na gama nawa ko?

AMSA: Yallaɓai ka yi abu mai kyau amma ka ɗauko takardar ka karanta, musamman shafin abubuwan da suka ce ba sa biya, don can ne ainihin yarjejeniyar take. Inshorar gini da kaya daban, inshorar cinikin da ka rasa lokacin da kake rufe daban, ita ta biyun ma sau da yawa sai in wani abu ya lalace a zahiri. A kan wannan aka yi ta rigima a Birtaniya lokacin korona, har hukumar kula da harkar kuɗi ta FCA ta kai ƙara a madadin ƙananan 'yan kasuwa, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 15 ga Janairun 2021 mafi yawansa ya yi wa 'yan kasuwar daɗi, amma an rufe su tun Maris 2020, ka lissafa watannin. Kamfanin magunguna na Merck kuwa NotPetya ɗin nan ce ta buge shi a 2017, ya nemi dala biliyan 1.4, masu inshora suka ce ai wannan aikin yaƙi ne ba sa biya, aka yi ta shari'a a New Jersey yana cin nasara suna ɗaukaka ƙara, sai a Janairun 2024 aka sasanta. Merck na da aljihun jira, kai ka tambayi kanka. Inshora tana mayar da kuɗi daga baya, ba ta riƙe maka kwastoman da ya zo ya ga ƙofa a rufe. Ka kuma ɗauki hoton kayanka da rasit ɗinsu ka ajiye a wani wuri, don ranar neman diyya hujja za a tambaye ka, ita kuma ta ƙone tare da kayan.

TAMBAYA: Malam in masu kutse suka kulle wa mutum kwamfutoci suka ce sai ya biya kuɗin fansa, ba gara ya biya ya huta ba?

AMSA: Ɗan'uwa "ya huta" ɗin ce babu tabbas. Colonial Pipeline, masu bututun da ke kai kusan kashi 45 na man da gabashin Amurka ke sha, an shige su a Mayun 2021 ta wata tsohuwar kalmar sirri da ba a sa mata mataki na biyu ba. Suka rufe bututun da kansu, suka biya kusan dala miliyan 4.4 a bitkoyin, aka ba su makullin buɗe kwamfutocin, sai ga shi yana tafiyar hawainiya har suka haɗa da nasu bakup ɗin wajen dawowa, bututun dai ya yi kwanaki a rufe, gidajen mai suka yi layi. Daga baya hukumomin Amurka sun ƙwato wani kaso na kuɗin, wanda ba kowa ake yi wa ba.

Norsk Hydro na Norwe masu alminiyam su kuma a Maris 2019 suka ce ko sisi ba za su biya ba. Suna da bakup mai kyau, shi ya ba su bakin magana. Suka koma biro da takarda, suka laƙa sanarwa a ƙofa kada kowa ya jona kwamfuta, har tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya suka dawo don su ne suka san yadda ake tafiyar da injinan da hannu, da tsohuwar zuma dai ake magani. Suka kuma fito suna yi wa duniya bayani akai-akai ba ɓoye-ɓoye. Sun yi asara ta miliyoyin daloli masu yawa, ba wai sun fita salin-alin ba, amma kwastomominsu sun san halin da ake ciki kullum. Ni a ganina shawarar biya ko ƙin biya ba ranar ake yanke ta ba, an riga an yanke ta tun ranar da ka ajiye kwafi a cire ko ba ka ajiye ba. In ya faru, ka cire na'urorin daga netwok, kada ka goge komai, ka kira masani, ka sanar da hukuma.

TAMBAYA: Malam ni manaja ce a wani kamfani, na rubuta tsarin abin da za a yi in matsala ta faru, shafi kusan arba'in, oga ya sa hannu. Amma duk lokacin da na ce a yi atisaye sai ma'aikata su yi ta dariya wai ɓata lokaci ne, shi ma ogan ba ya fitowa. In haƙura?

AMSA: 'Yar'uwa kada ki haƙura, amma shafi arba'in ɗin nan ki rage, ba mai karanta shi hayaƙi na shigowa. Shafi ɗaya ko biyu: wa za a fara kira, wa ke yanke hukunci in oga ba ya nan ko wayarsa ba ta shiga, wa ke da ikon fitar da kuɗi har nawa ba sai an jira shi ba, wa ke magana da kwastomomi, wane aiki ne za a fara tayarwa wane ne zai iya jira. A buga a takarda kowa ya samu.

Na ce takarda saboda 19 ga Yulin 2024. Kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura sabuntawa mai kuskure, kwamfutocin Windows miliyan 8.5 a lissafin Microsoft suka mutu da shuɗin allo, filayen jirgin sama, asibitoci, bankuna, wato mai gadin ne da kansa ya kulle gidan. Gyaran kuma sai an bi kowace kwamfuta da hannu, wasu na neman wani dogon makullin buɗewa, wasu kamfanonin kuma makullan nasu suna ajiye a sabar da ita ma ta mutu. Kamfanin jiragen sama na Delta kaɗai ta soke tashin jirage kusan 7,000 cikin kwana biyar ta ce abin ya ci mata dala miliyan 500, alhali wasu kamfanonin jiragen sun miƙe da wuri. Ki duba tsarin naki yanzu, in a kwamfutar ofis kaɗai yake to kin ga.

Masu dariyar kuma ki ba su labarin Rick Rescorla, shugaban tsaro na bankin Morgan Stanley a cibiyar kasuwanci ta duniya mai tagwayen dogayen gine-gine a New York. Bayan bam ɗin da aka tayar a ƙarƙashin ginin a 1993 ya dage da atisayen fita akai-akai ba sanarwa, yana tsaye da agogo yana auna minti nawa aka yi, manyan dillalai suna kan waya da kwastoma ya ce a ajiye a bi matakala bibbiyu, ana ta jin haushinsa. Ranar 11 ga Satumban 2001 da jirgi ya bugi ginin farko, aka yi sanarwa a nasu ginin cewa kowa ya zauna a inda yake, shi kuwa ya ɗauki lasifika ya ce a fita. Ƙafafun mutane sun riga sun san hanya. Kusan ma'aikata 2,700 suka fita da rai, 'yan kaɗan ne suka rasu, shi yana ciki don ya koma neman waɗanda suka rage.

Ba sai kin fara da babban abu ba. Ki zaɓi ranar da aiki bai da yawa, ki roƙi oga awa biyu, a karɓi wayarsa a sa a durowa, a kashe intanet ɗin ofis, ki ce to ga kwastoma ya zo da oda ga kuma mai kawo kaya yana jiran a biya shi, a yi a gani. Ke ki zauna gefe da littafi kina rubuta duk inda aka maƙale, za ki ji "ai kalmar sirrin tana wajen wane", "ai lambar tana cikin imel", "ai oga ne kaɗai ke sa hannu". Wannan jerin shi za ki kai masa, ki sa suna da rana a gaban kowane ɗaya, bayan wata uku ki maimaita da wata matsalar daban, wannan karon mai lissafin kuɗi ne ba ya nan.

Mai tambaya kan yadda ake raba hannun jari in abokin kasuwanci ya rasu, da wadda ta tambayi batun ajiye kaya a sito biyu, na ga saƙonninku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.